Baga: Tashar ruwan da yaƙi ya datse daga kasuwarta ta Maiduguri

Baga gari ne a ƙaramar hukumar Kukawa ta jihar Borno, kuma shi ne babbar tashar jiragen ruwa ta Najeriya a Tafkin Chadi. Masunta suna sauke tarwaɗa da ƙarfasa a Doron Baga, a banda su, a ɗure a kwalaye, sannan manyan motoci su yi tafiyar kusan kilomita 200 ta Monguno zuwa Kasuwar Kifi ta Baga Road a Maiduguri. Daga nan fatake ke kai bandar har Onitsha da Enugu da Legas. Babbar hanya ɗaya tak ta haɗa tashar da kasuwar, saboda haka duk wanda ya tare ta ya yi wa Baga ƙawanya ko da bai shiga garin ba.

A ranar 3 ga Janairu, 2015, mayaƙan Boko Haram suka mamaye sansanin rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Chadi da ke Baga, suka kama garin. Gwamnati ta ce mutum 150 ne suka rasu, wasu rahotannin kuwa sun kai adadin har 2,000. Hotunan tauraron ɗan Adam da ƙungiyar Amnesty International ta fitar sun nuna gine-gine sama da 3,700 da aka ƙona ko aka lalata, mafi yawansu a Doron Baga. Dubban mutane sun tsere ta ruwa zuwa tsibirai da ƙasar Chadi, wasu suka nitse a hanya. Da Monguno ta faɗi ranar 25 ga watan, sai hanyar kai ɗauki daga Maiduguri ta yanke.

Sojojin Najeriya sun fara ƙwato Monguno a tsakiyar Fabrairu, kafin su shiga Baga ranar 21 ga watan. Kasuwar kifin kanta ba ta tsira ba: 'yan ƙunar baƙin wake sun kai mata hari ranar 7 ga Maris, suka sake komawa ranar 22 ga Yuni na shekarar.

A ƙarshen Disamban 2018 ɓangaren ISWAP ya sake karɓe Baga tare da sansanin sojin ruwa da ke kusa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum fiye da 30,000 suka kwarara Maiduguri. Sojoji sun koma garin a Janairun 2019, sai dai sun tarar da shi kusan kango.

Abin da ya fi daɗewa yana cin masunta shi ne takunkumin da ya biyo baya. Saboda mayaƙan suna karɓar haraji a kan kifin da ake kamawa a tsibirai, sojoji sun sha hana kamun kifi da safararsa, kamar yadda hukumomin Nijar suka yi a jihar Diffa tun 2015. Hujjar tana da ƙarfi, amma nauyin matakin ya sauka ne a kan masunta da dillalai da 'yan dako, kuma kifin da ya samu fita sai ya bi ɓarauniyar hanya da tsadar da ta ninka. Rumfuna da dama a Baga Road sun zauna babu kaya.

Mayar da mazauna garin ma ya zo da asarar rayuka. An buɗe wa ayarin Gwamna Babagana Umara Zulum wuta a Baga cikin Yulin 2020, kuma a ranar 25 ga Satumba aka yi wa ayarin jami'an da ke kan hanyar zuwa garin kwanton ɓauna, aka kashe jami'an tsaro da dama. Duk da haka rukunin farko na 'yan gudun hijira sun koma gida a ƙarshen wannan wata, kuma daga baya motocin banda suka ci gaba da isowa Baga Road, bayan sun ratsa shingayen bincike na sojoji da ke kan hanyar.