Sharuɗɗan Tace Hayaƙi a Masana'antun Gilashin Ado: Yadda Jihar Oregon Ta Toshe Giɓin Doka

Gilashin ado shi ne gilashi mai launi da ake ƙawata tagogi da fitilu da kwanuka da shi, ake kuma yin duwatsun wuya da awarwaro, irin sana'ar da aka san Masaga na garin Bida da ita. Ainihin kayan haɗinsa yashi ne da tokar soda da farar ƙasa, amma launinsa daga ƙarafa yake fitowa. Kadmiyom da seleniyom ne ke ba da ja da ruwan lemo da rawaya, kuromiyom ya ba da kore, kobalt shuɗi, manganis kuma shunayya. Ana zuba arsenik domin ya fitar da kumfar iska daga narkakken gilashi, ana kuma sa dalma a wasu nau'o'in.

Matsalar tana cikin tanderu. Ana narka waɗannan kayayyaki ne a zafin da kan kai digiri 1,400 a ma'aunin Selsiyos, kuma a irin wannan zafi wani kaso na ƙarafan kan tashi ya zama tururi. Da ya fita ta bututun hayaƙi ya gamu da iska mai sanyi, sai ya daskare ya zama ƙura mai laushin da ido ba ya gani, wadda ke iya shiga can cikin huhu. Arsenik da kadmiyom suna cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji, kuma kadmiyom yana lalata ƙoda. Dalma kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yara, abin da 'yan Najeriya suka gani da idonsu a Zamfara a shekarar 2010, lokacin da gubar dalma daga sarrafa ma'adinin zinare ta kashe ɗaruruwan yara.

Duk da haka, har zuwa shekarar 2016 masu yin gilashin ado a birnin Portland na Jihar Oregon a Amurka suna narka waɗannan ƙarafa a tanderun da ba su da matata, kuma hukumomi ba su ɗauki hakan a matsayin karya doka ba.

Dalilin yana cikin kalma guda. A shekarar 2007 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, wadda aka fi sani da EPA, ta fitar da ƙa'ida kan masana'antun gilashi masu amfani da ƙarafa shida: arsenik, kadmiyom, kuromiyom, dalma, manganis da nikel. Ƙa'idar ta shafi tanderun da ke samar da tan 50 ko fiye a shekara, amma ta ce tanderu mai aiki ba yankewa. Masu gilashin ado suna narka kayansu ne kashi-kashi, su kwashe wannan launi sannan su ɗora wani, saboda haka aka ɗauke su a matsayin waɗanda ƙa'idar ba ta hau kansu ba. An rubuta dokar ne da manyan kamfanonin kwalabe da gilashin gini a zuciya, alhali kuwa mai gilashin ado, duk da ƙanƙantar aikinsa, ya fi su dogaro da ƙarafa masu guba, kuma sau da yawa masana'antarsa tana tsakiyar unguwa.

Ba na'urar auna iska ce ta fara tona lamarin ba, gansakuka ce. A watan Disambar 2013 masu bincike na Hukumar Kula da Dazuzzuka ta Amurka suka tattara samfuri 346 na gansakukar da ke tsira a jikin itatuwan Portland. Gansakuka ba ta da saiwa, daga iska da ruwan sama take samun abincinta, don haka duk ƙarfen da ke yawo a iskar wuri yakan taru a jikinta. Da aka ɗora sakamakon a kan taswira, sai aka ga kadmiyom ya yi yawa a wurare biyu, kowanne kuma a kewayen kamfanin gilashin ado: Bullseye a kudu maso gabashin birnin, da Uroboros a arewacinsa.

Ma'aikatar Ingancin Muhalli ta jihar ta kafa na'urar awo kusa da Bullseye a watan Oktoban 2015. Awon ya nuna kadmiyom ya ninka ma'aunin lafiya na jihar sau 49, arsenik kuma sau 159. Labarin ya fito fili a watan Fabrairun 2016, ya kuma tayar da hankalin mazauna unguwar da ke da makarantu da wurin renon yara. An shawarci makwabta su dakatar da cin kayan lambun da suka shuka a gidajensu, kafin gwajin ƙasa ya nuna haɗarin da ke cikinta kaɗan ne. Kamfanin ya dakatar da amfani da kadmiyom da arsenik. A watan Afrilu EPA ta fayyace cewa tanderun da ake barin sa da wuta kullum mai aiki ba yankewa ne, ko da kashi-kashi ake zuba masa kaya. A watan Mayu, bayan na'ura ta nuna hawan dalma a wani wurin renon yara da ke kusa, Gwamna Kate Brown ta ba da umarnin hana kamfanin narka ƙarafa masu haɗari a duk tanderun da ba shi da matata.

Jihar ba ta tsaya ga fassarar dokar tarayya ba, ta rubuta tata. An zartar da ƙa'idar wucin-gadi a watan Afrilun 2016 domin yankin Portland, kan masu samar da tan 10 ko fiye a shekara. A ƙarshen watan Satumba aka mai da ita ta dindindin, aka faɗaɗa ta zuwa duk jihar, aka saukar da iyakar zuwa tan 5, aka kuma ƙara seleniyom a cikin ƙarafan da ake sa wa ido.

Ƙa'idar ta raba masana'antun gida biyu. Rukuni na biyu shi ne na manya, masu samar da tan 100 ko fiye a shekara a tanderun da ke ƙona makamashi kamar iskar gas. Sauran ƙanana da masu tanderun lantarki suna rukuni na ɗaya, kuma sharuɗɗansu sun fi sauƙi. Ginshiƙin ƙa'idar shi ne cewa ba a narka ƙarafan da aka lissafa sai a tanderun da hayaƙinsa ke bi ta na'urar tacewa, kuma dole masana'anta ta nemi lasisin fitar da hayaƙi, ta riƙa ajiye bayanan abin da take zubawa a kowane narki.

Na'urar da aka fi amfani da ita ɗaki ne na ƙarfe mai ɗauke da dogayen jakunkunan yadi masu jure zafi. Ana fara sanyaya hayaƙin, domin kada ya ƙona yadin, kuma domin tururin ƙarafan ya daskare ya zama ƙurar da za a iya kamawa. Wannan mataki shi ne ke raba matata mai aiki da ta je-ka-na-yi-ka, domin ƙarfen da yake tururi zai wuce ta yadi kamar ba a sa komai ba. Daga nan fanka ke jan hayaƙin ta cikin jakunkunan, ƙura ta maƙale a jikinsu, tsabtatacciyar iska ta wuce. Ita kanta ƙurar da ta taru tana zama wani shimfiɗin tacewa. Lokaci-lokaci sai a buga iska mai ƙarfi ta karkaɗe jakunkunan, ƙurar ta zubo cikin mazubi a ƙasa. Gubar ba ɓacewa take yi ba, an dai tara ta ne wuri guda, don haka dole a kwashe wannan ƙura a zubar da ita bisa ƙa'idar shara mai haɗari.

Kafa na'urar kaɗai bai wadatar ba, sai an gwada ta. Ƙa'idar farko ta buƙaci gwajin da zai nuna tana kama kashi 99 cikin 100 na ƙurar da ta shiga cikinta. Ƙa'idar dindindin ta karkata ga auna ƙurar da ke fita daga bututu, tare da ƙarin kariya idan jaka ta yage: ko dai na'urar da ke gano yoyo ta yi ƙara, ko kuma matata ta biyu irin wadda ake kira HEPA a bayan ta farko. Ana kuma lura da bambancin matsin iska tsakanin mashiga da mafita, domin faɗuwarsa kwatsam alama ce ta yagewa, hawansa kuma alama ce ta toshewa.

Kuromiyom ya samu kulawa ta daban. Yana da siffofi biyu: mai daraja uku, wanda haɗarinsa kaɗan ne, da mai daraja shida, wanda ke haddasa cutar dajin huhu ko da kaɗan aka riƙa shaƙa tsawon lokaci. Zafin tanderu na iya juya na farko ya koma na biyu. Saboda haka aka wajabta wa manyan masana'antu su gwada abin da ke fita daga bututunsu, a yi lissafin yadda iska za ta watsa shi a unguwa, sannan a ƙayyade musu iyakar kuromiyom ɗin da za su yi amfani da shi.

Sharuɗɗan ba su zo da araha ba, kuma sun samu sana'ar tana fama da ƙarancin kasuwa. A watan Mayun 2016 kamfanin Spectrum da ke Jihar Washington mai makwabtaka ya sanar da rufewa, yana mai kafa hujja da raguwar ciniki da kuma kuɗin cika ƙa'idojin muhalli. Uroboros ya daina aiki a Portland a 2017. Kamfanin Oceanside ya sayi sunayen biyun da kayan aikinsu, ya mayar da sarrafawar birnin Tijuana na ƙasar Meziko. Masu zanen gilashi a ƙasashe da dama sun sha wahalar samun wasu launuka a wancan lokaci, musamman ja da rawaya.

Bullseye, wanda aka kafa tun 1974, ya kafa matatu ya ci gaba da aiki a inda yake. A shekarar 2019 ya sasanta ƙarar da makwabtansa suka shigar a kan dala miliyan 6.5, ba tare da amsa laifi ba. Jihar kuma ta ɗauki lamarin ya wuce na gilashi: a watan Nuwamban 2018 ta amince da wani tsari mai suna Cleaner Air Oregon, wanda ke buƙatar masana'antu iri-iri su bayyana sinadarai masu guba da suke fitarwa, a auna haɗarinsu ga mutanen da ke zaune kusa, a kuma ɗora sharuɗɗan lasisi a kan wannan awo.