Baƙaƙen Turanci a Bakin Ɗalibin Daura

Abu uku masana ilimin furuci ke dubawa kafin su raba baƙaƙe gida-gida: wurin da gaɓoɓin furuci suka tare iskar huhu, yadda suka tare ta, da halin da tantanin maƙwallato yake ciki a lokacin. Idan tantanin ya karkaɗa, baƙin mai ziza ne. Idan ya buɗe iska ta wuce salin-alin, maras ziza ne. Ɗora yatsa a maƙogwaro ka ja sautin s, sannan ka ja z, za ka ji bambancin a fatar hannunka.

Da wannan ma'auni ake ƙidaya baƙaƙe 24 a Turancin Ingila. Shida tsayau ne, inda ake toshe iska sannan a sake ta, kamar p da t da g. Tara zuzau ne, biyu 'yan atishawa, uku 'yan hanci, sai ɗan jirge ɗaya da kusantau uku.

Yaron da ya tashi a Daura ko Sandamu ko Mai'aduwa yana shiga aji da baƙaƙe sama da 30 a bakinsa. Yana da haɗiyau irin ɓ da ɗ, da tunkuɗau irin ƙ da ts, waɗanda Bature sai ya sha wuya kafin ya iya. Ba ya taɓa rikita Daura da ɗaura. Ashe ba nauyin harshe ke damunsa ba, gurabe kaɗan ne kawai tsarin Turanci ya saɓa wa nasa.

Babban gurbin a leɓɓa yake. Turanci ya raba p, wanda leɓɓa biyu ke haɗuwa su fashe, da f, wanda leɓen ƙasa ke taɓa haƙoran sama. Hausa kuwa f ɗinta baleɓe ne, haƙora ba ruwansu, har a Katsina da Sakkwato ana jin hwari a maimakon fari. Shi ya sa pan da fan suke zama abu ɗaya a kunnen yaro, kuma ta nan aka sami fetur da famfo. Ɗan'uwan f mai ziza, wato v, ya koma b: biza, direba. Sautukan th guda biyu, da ake yi da tsinin harshe a haƙora, sun koma s da z. Sai cunkoson baƙaƙe a farkon gaɓa, wanda Hausa ke warwarewa da wasali, kamar a burodi da birki. Wannan ƙa'ida ce mai tsari, ba kuskuren jahilci ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake koyarwa. Jarrabawar furuci ta WAEC da NECO a takarda ake yinta, don haka ɗalibai na haddace alamomi ba tare da sun motsa leɓe ba. Alhali kalmomin bayani suna nan da Hausa, Farfesa Mu'azu Sani Zariya ya shimfiɗa su a Tsarin Sauti da Nahawun Hausa. Malamin da ya sa ɗalibi ya riƙe ƙyallen takarda a gaban baki ya furta p har ta motsa, sannan ya ciji leɓensa ya furta f yana kallon madubi, zai gyara a darasi ɗaya abin da haddar zango guda ba ta gyara ba.