Yadda Sanyi da Ciwon Shanu Suka Gina Vom

Vom ƙaramin gari ne a Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu, gaba da Bukuru, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba daga cikin Jos. Masu garin, wato Berom, Vwang suke ce masa. Makiyaya da yawa ba su taɓa taka shi ba, amma allurar rigakafin da aka yi wa shanunsu a can aka haɗa ta. Yadda ƙauyen manoma ya kai ga wannan matsayi labari ne na yanayi.

Garin yana kan tudun Filato, sama da mita 1,200 daga bakin teku. Damina takan sauka tun Afrilu ta kai Oktoba, wani lokaci har da ƙanƙara. A Disamba da Janairu sanyin dare yakan sauko kusa da maki 10 a ma'aunin Salshiyos, sai ka ga mai shayi da asuba cikin rigar sanyi biyu da hular ulu, yana hura wuta hannu na rawa. Ko a bazara, lokacin da Kano da Sakkwato suke kwana a waje, mutumin Vom yakan nemi mayafi kafin gari ya waye. Babban abin kuwa shi ne ƙudan tsando, mai kawo wa dabbobi sammore, ba ya jin daɗin wannan tudu mai sanyi da ƙarancin kurmi.

Tun kafin zuwan Turawa Berom suna nan suna noman acca, suna kewaye gidaje da gonaki da shingen ƙyarana, suna fita farauta a kan ƙananan dawakansu. Duwatsu da wannan shinge mai ƙaya sun taimaka musu suka riƙe 'yancinsu a ƙarni na 19.

A ƙarshen wannan ƙarni na 19 ne annobar bushiya ta ratso Afirka ta share mafi yawan shanun ƙasar nan. Da Turawa suka kafa mulki, sun ga cewa jangali da fatu dukiya ce babba, kuma garken da ya mutu ba ya biyan haraji. Suka buɗe sashen kula da dabbobi a Zariya, sannan a 1924 aka mayar da aikin gwaje-gwajen zuwa Vom, inda shanun gwaji za su rayu ba tare da sammore ya rikita aikin ba, ga ciyawa, ga sanyin da magani yake so. Wannan ɗakin gwaji shi ne ya zama Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa. Ba don tausayin Bafulatani aka fara ba, amma amfanin ya kai ga rugarsa, kuma bai kamata a rage wa ma'aikatan da suka yi shekaru suna wannan aiki ladansu ba. Bushiya ta sake yin ɓarna a 1983, sai a 2011 aka ba da sanarwar kawar da ita daga duniya baki ɗaya.

Sauran abubuwa suka yi ta biyo baya. 'Yan mishan dama sun riga sun buɗe asibiti tun 1922. A 1941 aka kafa makarantar horar da ma'aikatan dabbobi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da kayan Ingila suka yi wuyar zuwa, Vom ta shiga yin man shanu da cuku, kuma har yau ana sarrafa madara a garin; yogot ɗin Farm Fresh daga nan yake fitowa. A Kuru, maƙwabciyarta, jirgin ƙasa ya iso daga Kafanchan a 1927, aka kafa tashar binciken dankali, kuma a 1979 aka buɗe Cibiyar Nazarin Manufofi da Tsare-tsare ta Ƙasa.

Gonar talaka ma ta sauya. Turawan haƙar kuza sun zo da dankalinsu da kabeji da karas, manoman Filato suka karɓa suka fi masu kawowa iyawa, har jihar ta zama uwar dankalin Turawa a Najeriya. Haƙar kuzar ta cinye gonaki masu yawa, kuma da kasuwarta ta faɗi a 1985 kamfanoni sun riga sun bar ramuka birjik cike da ruwa. Manoma ba su zauna kuka ba. Je ka bakin irin wannan kududdufi da rani: injin ban ruwa na ƙara, tiyo ya miƙe cikin kunyoyi, mata na tsinkar koren wake da tattasai, a wajen ƙauyen Chaha har da sitiroberi ana jerawa a ƙananan robobi.

Masu neman shan iska ma sun daɗe da gano yankin. Filin wasan golf na Rayfield yana nan tun 1913, tafkin shaƙatawa na unguwar kuwa tsohon ramin kuza ne. Duwatsun Riyom da suka hau kan juna ba nisa, magangarar ruwa ta Assop tana gangaren Hawan Kibo. Amma a ganina daɗin Vom ya fi nan sauƙi: a tashi da hantsi a yi tafiyar ƙafa a ƙarƙashin itatuwan turare, a hau dutse a hango garke da gonaki, a dawo ba gumi.

Sai dai iska mai daɗi kaɗai ba ta zaunar da mutum. Rikice-rikicen da suka taso tun daga 2001, da kashe-kashen da aka yi a Kuru Karama da Dogo Nahawa a 2010, sun ci rayukan Musulmi da Kirista, manoma da makiyaya, suka raba unguwanni, suka kori baƙi. Ramukan kuza suna cin yara masu wanka, ciwon ganye yana ƙone dankali a damina mai yawan ruwa. Aikin dabbobi da aikin gona tare suka raya garin nan shekara ɗari. Gwamnatin Filato da sarakunan Berom da ardo-ardon Fulani su zauna su tsare wannan haɗin, a killace ramuka masu haɗari, a kuma kai wa manoma irin dankali mai jure ciwo kafin damina ta sauka.