Zuciyar Tsakon da Aka Ce Ba Ta Mutuwa

Ranar 17 ga Janairu, 1912, a Cibiyar Rockefeller da ke New York, likita Alexis Carrel, mutumin Faransa, ya fasa ƙwan kaza mai ɗan tsako a ciki, ya yanko mitsitsin nama daga zuciyar tsakon, ya sa shi cikin ruwan abinci a kan gilashi. Naman ya yi ta tsiro. Bayan 'yan kwanaki sai a wanke shi, a datse, a zuba masa sabon abinci. Haka aka yi ta fama har shekara 34, alhali da wuya kaza ta yi ko rabin haka a duniya. Carrel ma ya riga naman tafiya, ya rasu a 1944, sai a 1946 aka zubar da naman da gangan.

Carrel fa ba kanwar lasa ba ne. A shekarar da ya fara gwajin ya karɓi kyautar Nobel saboda dabarar ɗinke jijiyoyin jini. Jaridun Amurka har murnar zagayowar shekara sukan yi wa naman. Hukuncin da Carrel ya yanke shi ne, ƙwayoyin halitta ba sa tsufa da kansu. In an raba su da jiki aka ba su abinci mai kyau, sai abada.

Abin ɗaure kai, babu wanda ya iya maimaita gwajin. Duk masanin da nasa ƙwayoyin suka mace sai ya ɗora wa kansa laifi, ya ce ko kwalba ce ba ta wanku ba, ko abinci ya gurɓace. Wa zai ce wa zaki bakinsa na wari?

Leonard Hayflick ne ya faɗa, shi da Paul Moorhead, a Cibiyar Wistar ta Filadelfiya, a 1961. Sun lura ƙwayoyin ɗan Adam masu lafiya suna rabuwa sau 40 zuwa 60, daga nan su tsaya cak. Don toshe bakin masu cewa sakaci ne, suka haɗa tsofaffin ƙwayoyin namiji, waɗanda suka rabu sau 40, da sababbin na mace, masu sau 10, a kwalba ɗaya, abinci ɗaya. Da aka jima aka duba, na namijin sun ƙare, na macen suna ta harkarsu. Da guba ce a cikin abincin, ai da ba ta zaɓa ba. Suka kuma daskarar da wasu, da aka narkar da su sai suka ɗora daga inda lissafinsu ya tsaya. Mujallar farko da suka aika wa rubutun ta ƙi bugawa, kuma mujallar Cibiyar Rockefeller ce.

To, me ya raya naman Carrel? Da alama amsar tana cikin abincin. Ruwan da ake ciyar da shi daga wasu sababbin 'yan tsaki na cikin ƙwai ake matso shi. Hayflick ya yi zargin ba a tace shi sarai, don haka rayayyun ƙwayoyi na bin ruwan su shige. Wato sababbi ne ke maye gurbin matattu, ana yi musu kallon na 1912. A 1980 Jan Witkowski, wanda ya bi diddigin tarihin gwajin, ya kawo labarin Ralph Buchsbaum, masanin da ya ziyarci ɗakin gwajin Carrel a 1930. Buchsbaum ya ce wata ma'aikaciya ta gaya masa sukan ƙara sababbin ƙwayoyi jefi-jefi, don kada ran maigida ya ɓaci. Shaidar mutum ɗaya ce, bayan shekara 50, amma ni dai na fi karkata gare ta, domin gwanayen da suka kula da naman da wuya a ce ba su gane lokacin da yake neman macewa ba.

Saura abin da ke yi wa ƙwaya lissafi. A 1971 Alexey Olovnikov na Rasha ya yi hasashen cewa duk rabuwar da ƙwaya ta yi, bakin kuromosom ɗinta na raguwa. Wannan baki shi ne telomiya, kuma in ya gajarce da yawa ƙwayar ta daina rabuwa. A 1984 Carol Greider da Elizabeth Blackburn suka gano sinadarin da ke sake tsawaita shi, telomeraz, aikin da ya kai su ga Nobel a 2009 tare da Jack Szostak.

Ƙwayoyin da ba sa daina rabuwa akwai su. Waɗanda aka ɗebo daga ciwon sankarar Henrietta Lacks a asibitin Johns Hopkins a 1951, ba da saninta ba, har yau ana aiki da su a ɗakunan gwaje-gwaje na duniya da sunan HeLa. Kusan kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na cututtukan sankara da telomeraz suke tsallake iyakar da Hayflick ya gano.