Haikalin Rana na Martand da Matsayinsa a Tarihin Addinin Sikh

1.0 Gabatarwa

A kudancin kwarin Kashmir, kimanin kilomita 8 daga garin Anantnag, akwai wani ƙasaitaccen kangon dutse a bisa tudu wanda ake kira Martand. Mabiya addinin Hindu ne suka gina shi domin bautar rana. Abin mamaki kuwa shi ne, sunan wannan wuri ya samu gurbi a tarihin addinin Sikh, addinin da ya kafu a kan kaɗaita Ubangiji da ƙin bautar gumaka. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda hakan ta faru, ta kuma nuna cewa alaƙar Sikh da Martand ta ƙullu ne da mutanen da ke zaune a gindin tudun, wato malaman garin Mattan.

2.0 Ginuwar Haikalin da Rushewarsa

Kalhana, wanda ya rubuta tarihin sarakunan Kashmir mai suna Rajatarangini wajen shekarar 1148, ya danganta ginin ga Sarki Lalitaditya na gidan sarautar Karkota, wanda ya yi mulki a ƙarni na 8 Miladiyya. Martand kuwa ɗaya ne daga cikin sunayen rana a harshen Sanskrit. An yi ginin da manyan sassaƙaƙƙun duwatsu a tsakiyar wata farfajiya mai tsawon ƙafa 220 da faɗin ƙafa 142, aka kewaye ta da ginshiƙai da ƙananan ɗakunan ibada.

Bayan ƙarnuka shida sai haikalin ya zama kufai. Marubuta tarihi sun ɗora alhakin rushe shi a kan Sultan Sikandar, wanda ya mulki Kashmir daga 1389 zuwa 1413. Sai dai Jonaraja, wanda ya ci gaba da aikin Kalhana, ya ɗora kaso mai yawa na laifin rushe wuraren ibada a kan wazirinsa Suhabhatta. Girgizar ƙasa ma ta ƙara lalata abin da ya saura. Duk da haka ibada ba ta yanke ba, domin a Mattan akwai marmaro mai cike da kifi wanda 'yan Hindu suke ziyarta don yi wa magabatansu addu'a. Malamansu, waɗanda ake kira Pandit, suka ci gaba da zama a nan suna koyarwa.

3.0 Guru Nanak a Mattan

Guru Nanak (1469-1539), wanda ya kafa addinin Sikh, ya yi tafiye-tafiye masu nisa yana wa'azi. Littattafan da suka tattara labarin rayuwarsa, waɗanda ake kira Janamsakhi, sun ruwaito cewa a tafiyarsa ta arewa ya shiga Kashmir ya haɗu da wani malami mai suna Brahm Das. An ce malamin ya zo da littattafai kayan raƙumi biyu, yana alfahari da karatunsa, amma bayan muhawara ya sallama ya zama almajiri. Mabiya Sikh sun riƙe cewa a bakin marmaron Mattan aka yi wannan haɗuwa.

Ya kamata a lura cewa a lokacin haikalin ya riga ya shekara ɗari a rushe. Bugu da ƙari, Nanak bai yarda da ibadar da aka gina shi dominta ba. An ruwaito cewa a Hardwar ya ga masu ziyara suna watsa ruwa wajen fitowar rana domin ya isa ga matattunsu, sai ya juya yamma yana watsa nasa, ya ce gonarsa ta Fanjab yake shayarwa.

4.0 Tawagar 1675

Muhimmin abin da ya ɗaukaka sunan Mattan ya faru ne a zamanin Sarki Aurangzeb. Bisa ruwayar Sikh, a shekarar 1675 wata tawagar malaman Kashmir ƙarƙashin Kirpa Ram, mutumin Mattan, ta isa Anandpur wurin Guru na tara, Tegh Bahadur, da koken cewa gwamnansu Iftikhar Khan yana tilasta musu barin addininsu. Guru ya ɗauki nauyin tsaya musu. Aka kama shi, aka fille masa kai a Delhi cikin Nuwamba 1675, a wurin da Gurdwara Sis Ganj take a yau. Wasu rubuce-rubucen Farisanci sun nuna cewa dalilin kisan na siyasa ne, wato tsoron yawan mabiyansa. Amma a wurin Sikh ma'anar a fili take: shugabansu ya ba da ransa domin 'yancin ibadar da shi kansa bai yi imani da ita ba.

Wannan kisa yana daga cikin dalilan da suka sa ɗansa, Guru Gobind Singh, ya kafa rundunar Khalsa a 1699. Kirpa Ram ya shige ta, ya koma Kirpa Singh, ya kuma rasu a yaƙin Chamkaur.

5.0 Kammalawa

A 1819 dakarun Maharaja Ranjit Singh suka ƙwace Kashmir daga hannun Afganawa, Sikh suka mulke ta har zuwa 1846. Ga wannan zamani ake danganta kafa gurdwara, wato ɗakin ibadar Sikh, a bakin marmaron Mattan, daf da wurin ibadar Hindu. Kangon da ke kan tudu yana ƙarƙashin kulawar hukumar adana kayan tarihi ta Indiya. Tarihin Martand ya nuna cewa rushe gini bai isa ya kashe wuri ba muddin mutanensa suna nan, kuma saɓanin aƙida bai hana wata al'umma kare haƙƙin maƙwabciyarta ba.