Ɗan Zongon Lome da Darussan Sakandare

A makarantun sakandare na Togo, da Faransanci ake koyar da tarihi da labarin ƙasa da falsafa. Ɗalibin sashen adabi yakan koyi Ingilishi, sannan ya zaɓi Jamusanci ko Sifaniyanci. Tsarin gadon Faransa ne, wadda ta mulki ƙasar har 1960, bayan Jamus ta riƙe ta daga 1884 zuwa 1914.

Gyaran ilimi na 1975 ya ba harsunan Ewe da Kabiye gurbi a makaranta. Hausar da ake ciniki da ita a Zongon Lome ba ta samu ba. Alhali a zamanin Jamus, a Kete-Karachi da ke cikin Togo a lokacin, Alhaji Umaru haifaffen Kano ya rubuta tarihin ƙasar Hausa da ajami, jami'in Jamus Adam Mischlich kuma ya wallafa ƙamus na Hausa a 1906.

A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zongo, ta mayar da mutanensa arewacin birnin. Jikokinsu na karanta yaƙe-yaƙen Turai a aji, labarin wannan ƙaura kuwa sai a bakin dattawan unguwa.