Stu Ungar da zamanin da barci ya zama abin kunya a teburin poka

A shekarar 1970 Benny Binion ya tara gogaggun 'yan caca a gidan cacarsa na Horseshoe da ke Las Vegas, kuma daga wannan zama ne gasar poka ta duniya, WSOP, ta samo asali. Mutanen wancan zamani suna auna jarumta da juriya: gwani shi ne wanda zai kwana biyu ko uku a kujera bai runtsa ba. Mai tashi ya je ya huta kuwa, kallon rago ake yi masa.

Ba wanda wannan al'ada ta ɗaukaka, ta kuma cinye, kamar Stu Ungar. An haife shi a birnin New York a 1953, mahaifinsa dillalin caca ne, don haka a cikin karta ya buɗe ido. Ya ƙware a wani wasan karta mai suna jin rami har abokan karawa suka guje shi, sai ya koma poka. A 1980 ya doke Doyle Brunson ya ɗauki kambun duniya yana ɗan shekara 26, ya maimaita a 1981.

Hodar iblis ta shiga rayuwarsa ne da sunan kayan aiki, wai tana hana barci a doguwar karawa. A ganina, a nan ne matsalar sana'ar take fitowa fili. Poka wasa ne na dubban ƙananan hukunce-hukunce, kuma mutum yana iya yin daidai a kowanne amma ya shafe watanni yana asara, domin sa'a tana da nata kason. Zuciyar da ba ta da wata mafaka a wajen tebur ba ta iya ɗaukar wannan nauyi. Shi kuwa Ungar, hutunsa ma caca ce: abin da ya ci a karta sai ya zubar a tseren dawaki da wasanni, har ma a filin golf.

A gasar 1990 yana cikin na gaba-gaba aka tsince shi a sume a ɗakin otel. Bai koma tebur ba, amma saboda yawan abin da ya riga ya tara, sai da ya ƙare a matsayi na tara. A 1997, ba shi da ko sisi, Billy Baxter ya biya masa kuɗin shiga dala 10,000. Ya ci kambu na uku da dala miliyan ɗaya, suka raba. Cikin watanni rabonsa ya salwanta. A watan Nuwamba na 1998 aka sami gawarsa a wani ƙaramin masauki a Las Vegas, yana da shekara 45.

Sauyi ya zo a hankali. Nasarar Chris Moneymaker a 2003, akawun da ya sami gurbi ta intanet, ta jawo matasa masu kallon poka a matsayin lissafi, masu ɗaukar gajiya a matsayin asarar kuɗi. A 2011 Jared Tendler ya fitar da littafi kan sarrafa fushi da fargaba a wasan, kuma ɗaukar mai horar da tunani ya daina zama abin dariya. Bajamushe Fedor Holz ya rage wasa a 2016, shekarar da ya ci miliyoyin daloli. Wannan bai mayar da caca abin da ba ita ba, ba shakka. Masu asara har gobe sun fi masu ci yawa.

Brunson, wanda Ungar ya kayar a 1980, ya sanar da barin gasa a 2018 domin ya zauna da matarsa da ba ta da lafiya. Ya rasu a 2023 yana da shekara 89.